Yadda ake gabatar da jawabi da PowerPoint ba tare da allo ya ƙwace maka magana ba

A wani watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kan ganiyarsa, na zauna a kujerar baya ta wani ɗakin taro ina sauraron ɗalibai suna kare kundin bincikensu. Wata ɗaliba ta fito, wadda na san ta sha wahalar aikinta, domin watanni ta yi tana bin 'yan garuwa daga bakin rijiyar burtsatse zuwa lungunan cikin gari, tana rubuta kuɗin da suke sayen jarka da kuɗin da suke sayar da ita. Da ta gama gaishe da malamai sai ta juya musu baya, ta fuskanci bango, ta fara karanta abin da majigi ya haska, layi bayan layi, da murya ɗaya wadda ba ta hawa ba ta sauka. Tana shafi na shida aka ɗauke wuta. Fankokin sama suka tsaya, bangon ya koma fari fat, ita kuma ta tsaya riƙe da rimot tana kallonsa, ta kasa cewa uffan. Wani dattijo cikin malaman ya cire tabarau ya ce, "'Yata, rabu da bangon nan, juyo ki gaya mana abin da kika gano." Ta juyo, ta yi jim, sannan ta fara bayanin yadda kuɗin man janareta a bakin rijiya yake bin kurar ɗan garuwa har ya sauka a kan matar aure da ke ƙarshen lungu, wadda ita ce take biya mafi tsada saboda nisan gidanta. Kusan minti uku tana magana, ɗakin ya yi tsit. Da aka tayar da inji majigi ya dawo, sai ta sake juya baya ta ci gaba da karatu, hankalin mutane kuma ya koma kan wayoyinsu.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni ko PowerPoint, wato manhajar kwamfuta da ake shirya shafukan da majigi yake haskawa, yana taimakon mai jawabi ko cutar da shi yake yi, amsa ɗaya nake ba shi. Yana taimako a duk inda baki ya kasa nuna abu, yana kuma cutarwa a duk inda aka ɗora masa aikin baki. Matsayinsa matsayin shaida ne a gaban alƙali: ana kiransa ya tabbatar da magana, ba shi ne mai ƙara ba. Manhajar kanta ba sabuwa ba ce. Robert Gaskins da Dennis Austin ne suka ƙirƙire ta a wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought a Amurka, ta fito a 1987, kuma a cikin shekarar kamfanin Microsoft ya saye su a kan dala miliyan 14. Ta farkon ma babu launi a cikinta, ana buga shafukanta ne a kan faifan roba mai haske a ɗora a kan na'ura. Yau akwai Google Slides da Keynote da Canva da WPS da mutane suke aiki da ita a waya, kuma duk abin da zan faɗa ya shafe su baki ɗaya. Matakan da ke tafe su ne nake bi da ɗalibai da ma'aikata idan za su tsaya gaban jama'a, ko a ɗakin taron jami'a ne, ko a Gidan Mambayya, ko a bitar ma'aikatan lafiya.

Mataki na farko: ka rufe kwamfutar

Mafi yawan jawabai suna lalacewa ne tun a daren farko, lokacin da mutum ya buɗe manhajar kafin ya san abin da zai faɗa. Shafi ya fito da gurbin kanu da gurbin ɗige-ɗige, wato jerin gajerun layuka masu ɗigo a farkonsu, shi kuma sai ya shiga cike gurabe, yana yanko sakin layi daga kundinsa yana liƙawa, har ya tara shafi arba'in bai taɓa tambayar kansa ina ya dosa ba. Saboda haka ka ɗauki takarda da biro, ka rubuta jimla ɗaya tak wadda kake so mai sauraro ya fita da ita, ko da ya manta da komai. Jimla nake nufi mai ɗauke da hukunci, ba kanun magana ba. "Matsalar ruwa a cikin gari" kanu ne, bai ce komai ba. "Gidajen da suka fi nisa da rijiya su ne suke biyan mafi tsada, alhali su ne mafi ƙarancin hali" jimla ce, ana iya yarda da ita, ana iya musanta ta. Idan jimlar ta ƙi fitowa, to ba ka shirya ba tukuna, kuma babu adon shafi da zai rufe wannan.

A ƙarƙashinta ka rubuta hujjoji uku ko huɗu da suke riƙe da ita, ka kuma rubuta su wane ne za su saurare ka da minti nawa aka ba ka. Malaman da suka riga suka karanta kundinka ba sa buƙatar ka maimaita musu babin waiwaye. Masu unguwanni da limamai da aka gayyato bitar rigakafi ba sa buƙatar sunayen ƙwayoyin cuta da Turanci. Game da lokaci kuwa, a garin nan sai ka yi ragi tun daga gida. Taron da aka sa ƙarfe goma yakan fara sha ɗaya, gaishe-gaishen manyan baƙi ya ci nasa, kuma idan aka kira sallar Azahar babu wanda zai zauna saboda shafinka na talatin. Idan an ce maka minti ashirin, ka shirya na sha biyar.

Mataki na biyu: ka faɗe shi da baki, ka lura da inda bakin ya gaza

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne kusan kowa yake tsallakewa. Ka sami wanda bai san fanninka ba, ƙanwarka ko abokinka ko maiɗakinka, ka zaunar da shi ka yi masa jawabin daga farko zuwa ƙarshe, babu allo, babu kwamfuta, sai 'yar takardar nan. Kana cikin yi za ka ji wurare biyu ko uku ko biyar inda hannunka ya fara zane a iska, kana cewa "ka gane, layin ya hau nan, sannan ya faɗo nan", ko kana ƙoƙarin kwatanta masa yadda wani abu yake kana ganin bai kama ba. Ka sa alama a waɗannan wuraren. Su ne kaɗai suka cancanci shafi. Duk inda maganar ta tafi sumul kuma ya gane, bakinka ya isa, kada ka ba shi kishiya.

Abubuwan da baki yake gazawa a kansu sanannu ne. Akwai hoto, kamar na kwatar da ta toshe ko na ganyen tumatir da tsutsa ta ci, wanda idan ka nuna shi ka huta da dogon bayani, domin gani ya kori ji. Akwai taswira, kamar idan kana so mutane su ga yadda wani abu ya rarrabu a ƙananan hukumomin jihar 44. Akwai hawa da saukar farashi a tsawon watanni, da kwatancen adadi biyu ko uku, da matakan aikin da suke bin juna, da aya ko nassin doka da ake so kowa ya ga lafazinsa daidai. A irin waɗannan wurare majigi alheri ne, kuma mutanenmu sun daɗe da sanin haka, domin kalmar majigi kanta tun zamanin Turawa muka gaje ta, lokacin da motocin gwamnati suke zagaya garuruwa da dare suna haska finafinan tsafta da noma a kan farin ƙyalle.

Masana sun auna wannan abin. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya yi shekaru yana gwada yadda mutane suke koyo daga hoto da magana, kuma gwaje-gwajensa sun nuna abu biyu da ya kamata mai jawabi ya riƙe tare. Mutane sun fi fahimta idan aka haɗa musu hoto da bayani fiye da bayani shi kaɗai. Amma idan ana nuna hoto ana bayani da baki, sannan aka ƙara rubuta wannan bayanin a kan allo, fahimtar raguwa take yi. John Sweller na Ostareliya ya bayyana dalilin: ɓangaren ƙwaƙwalwa da yake riƙe sabon bayani na ɗan lokaci ƙarami ne ƙwarai, kuma karatu da sauraron kalmomi duk a kansa suke sauka. Taura biyu ba ta taunuwa. Ido kuma ya fi baki sauri, don haka kafin ka karanta layi na biyu, mai sauraro ya gama shafin ya koma jiranka, kuma a wannan jiran ne ake zaro waya daga aljihu.

A nan ne kuma za ka yanke ko jawabin yana buƙatar majigi ma gaba ɗaya. Akwai maganar da allo yake rage mata kwarjini, kamar nasiha, da neman sulhu, da jawabin jan hankali. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, ya yi shekarun ƙarshen rayuwarsa ba ya gani, amma yakan riƙe cikakken zaure da murya da tarihi da tsarin magana kawai, kuma duk wanda ya taɓa zama a gabansa ya san babu shafin da zai ƙara masa komai. Akwai kuma maganar da ta fi ƙarfin allo ta ɗaya gefen, wato wadda za a yanke hukunci mai nauyi a kanta, kamar kasafin kuɗi ko rahoton injiniya. Wannan takarda take so, mai cikakkun jimloli, da kowa zai riƙe a hannu. A 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint a tarukan manyan jami'an kamfanin Amazon, ya maye gurbinsa da rubutaccen bayani, da farko mai shafi huɗu, daga baya mai shafi shida, wanda ake zama a karanta shiru a farkon taro kafin a fara tattaunawa. Dalilinsa shi ne ɗige-ɗige suna ba mutum damar jera abubuwa ba tare da ya nuna yadda ɗaya ya haifi ɗaya ba, alhali cikakkiyar jimla tana tilasta masa ya yi tunanin.

Mataki na uku: gina shafukan

Yanzu ka buɗe kwamfutar. Kowane shafi magana ɗaya zai ɗauka, kuma kanunsa ya zama ita ce maganar, a cikakkiyar jimla gajera. Maimakon ka rubuta "Sakamakon bincike" ka jera abubuwa bakwai a ƙasa, rubuta "Farashin jarka yana ƙaruwa da nisan gida daga rijiya", ka sa zanen da ya nuna hakan a ƙarƙashinsa, shi ke nan. Wanda hankalinsa ya tafi na ɗan lokaci, da ya ɗaga kai zai san inda ake.

Ina nanata maganar kanu ne saboda an taɓa ganin abin da sakaci da shi yake jawowa. A ranar 16 ga Janairu 2003 kumbon Columbia na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya tashi, kuma jim kaɗan bayan tashinsa wani ɓallin soso daga jikin tankin mai ya bugi fiffikensa na hagu. Kumbon yana sama injiniyoyi suka shirya wa shugabanni bayani a shafukan PowerPoint a kan ko bugun yana da haɗari. Kanun ɗaya daga cikin shafukan ya yi kama da mai kwantar da hankali, amma can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, aka rubuta cewa ɓallin da ya bugi kumbon ya fi wanda aka yi gwaji da shi girma nesa ba kusa ba, kusan ninki 640. A ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse yana dawowa, mutum bakwai da ke ciki suka mutu. Edward Tufte na Jami'ar Yale ya warware wannan shafin layi-layi, kuma kwamitin binciken hatsarin ya soki yadda aka mayar da shafukan majigi madadin rahoton fasaha. Ba shafin ne ya fasa fiffiken ba, kuma dalilan hatsarin suna da yawa, amma maganar da ta fi kowace muhimmanci an binne ta a inda ido ba ya zuwa. Duk lokacin da ka gama shafi, ka tambayi kanka ko abin da ya fi nauyi a cikinsa shi ne ya fi girma.

Girman haruffa ba na ado ba ne, na mutumin kujerar baya ne, da dattijon da ya manto tabarau. Guy Kawasaki, wanda ya yi aiki da kamfanin Apple, yana da ƙa'idar da ta shahara: shafi 10, minti 20, haruffa kada su gaza lamba 30. Ba dole ka bi adadin shafukan sau da ƙafa ba, amma ka riƙe ta haruffan, domin tana da wata fa'ida ta ɓoye: idan rubutu ya yi girma haka, surutu ba ya samun wuri. Idan ka ga kana rage girman haruffa don komai ya shiga, to shafin ne ya cika, sai ka raba shi biyu ko ka mayar da rabin maganar bakinka. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Launi kuma ka zaɓe shi da ɗakunanmu a zuciya. Yawancin zaurukan taro a nan tagoginsu a buɗe suke saboda zafi, hasken rana yana shigowa ta ko'ina, sau da yawa ma babu farin allo sai bango mai fenti ruwan madara. Launin da ya yi kyau a fuskar kwamfutarka da dare zai koɗe a can. Baƙin rubutu ko shuɗi mai duhu a kan fari shi ne yake tsira. Ka guji rawaya a kan fari, da ja a kan kore, wanda wasu mutane idonsu ba ya bambance su. Rubutu mai tsalle da mai juyawa da ƙarar tafi duk ka bar su.

Babban jadawali mai layi ashirin da aka kwafo daga kundi ba ya karantuwa daga nesa, kuma mai jawabin da ya ce "ku yi haƙuri ba za ku iya gani ba" ya riga ya amsa cewa bai kamata ya sa shi ba. Ka ciro adadi biyu ko uku da maganarka ta dogara a kansu, ka yi musu zanen sanduna, ka ba sandar da kake magana a kanta launi dabam. Cikakken jadawalin ka buga shi a takarda, ko ka ajiye shi a shafukan bayan ƙarshe domin lokacin tambayoyi.

Akwai abin da ya shafe mu mu kaɗai, wato harshe. An saba a rubuta shafuka da Turanci a yi bayani da Hausa, kuma idan masu sauraro duk sun iya biyun babu laifi sosai. Amma idan rabin zauren ba sa karanta Turanci, to allon ya raba su gida biyu, wasu suna gani wasu suna kallo kawai. Ka rubuta da Hausa, ka kuma kula da haruffa masu ƙugiya, domin ƙasa ba kasa ba ce, ɗaki ba daki ba ne. Ba kowane samfurin haruffa ne yake da ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma na sha ganin shafin da ya fito lafiya a kwamfutar mai shi, da aka buɗe shi a wata sai ƙugiyoyin suka koma 'yan akwatuna. Haka rubutun Larabci yakan wargaje, haruffa su rabu ko su juya. Idan za ka sa aya ko hadisi, ka ɗauki hotonsa daga ingantaccen bugu ka saka a matsayin hoto, domin kuskure a nan ba ƙarami ba ne.

Mataki na huɗu: gwaji da agogo

Abin da za ka faɗa a kan kowane shafi ka rubuta shi a gurbin bayanin mai magana da ke ƙasan shafin, ko a ƙananan katuna, kalmomin tuni kawai. Sannan ka tashi tsaye ka yi jawabin da murya a fili, agogo yana gudu, aƙalla sau uku. Karantawa a zuci ba gwaji ba ne. Ka fi ba da ƙarfi a kan mahaɗa, wato jimlar da za ta fitar da kai daga shafi ta shigar da kai na gaba, domin ya kamata ka riga allon sanin abin da ke tafe. Mai jawabin da sai ya danna ya duba sannan ya tuna, allon ne yake jansa. Gwaji na ƙarshe ka yi shi kwamfuta a rufe. Idan ka kai ƙarshe, ka shirya.

Mataki na biyar: kayan aiki

Shirin zaune ya fi na tsaye. Ka ajiye aikin iri biyu, na PowerPoint da na PDF, domin PDF yana riƙe haruffa da tsarin shafi yadda ka bar su a kowace kwamfuta, sai dai ba a dogara da shi wajen bidiyo ko motsi. Ka sa su a filash, ka kuma tura wa kanka ta imel ko WhatsApp, saboda filashin da ya zagaya shagunan buga takardu yakan kwaso cutar da take ɓoye fayiloli. Ka cika cajin kwamfutarka. Ka tambaya tun jajibiri wace irin waya majigin wurin yake karɓa: tsofaffi suna amfani da VGA, mai shuɗin kai da ƙusoshi biyu, wadda hoto kawai take ɗauka babu sauti, sababbi kuma HDMI, mai ɗaukar duka biyun. Kwamfutocin yanzu da yawa ba su da ramin VGA, don haka ka mallaki 'yar mahaɗa taka ta kanka, ana samunta a Farm Centre ko titin Beirut, ka bar ta a jakarka tare da doguwar wayar soket. Ka buga shafukan a takarda, kwafi ɗaya naka, wasu kuma na shugaban taro da manyan teburi.

Ka isa wurin da aƙalla rabin sa'a. Ka haɗa komai, idan hoto bai fito ba ka danna maɓallin Windows tare da P ka zaɓi yadda za a raba fuskar. Idan lokacin hunturu ne ka goge ƙurar gilashin majigin da ƙyalle mai laushi. Daga nan ka taka har kujerar ƙarshe ka zauna ka duba shafinka mafi cunkoso. Abin da ba ka iya karantawa daga can, ka gyara shi a take. Ka kashe sanarwar saƙonni, domin kada hirar gidanka ta fito a bango gaban jama'a.

Mataki na shida: tsayuwa gaban mutane

Ka tsaya a gefen allon, fuskarka ga jama'a, kwamfutar a gabanka ta yadda da ƙyallawar ido za ka ga inda kake ba sai ka juya ba. Juya wa manya baya rashin ladabi ne a zaure, kuma bai zama ladabi ba don an kunna majigi. Ga shi kuma muryar da aka aika wa bango ba ta isa baya. Lokacin sallama da salati da gaishe da shugaban taro, shafin kanu kawai ya kasance a sama, ko ma babu komai. Ka fara da bakinka, ka faɗi jimlar nan taka tun a minti na farko, sannan ka kira shaida.

Idan ka haska hoto ko zane, ka yi shiru na daƙiƙa uku ko huɗu mutane su gani, domin idonsu zai tafi can ko ka so ko ka ƙi. Sannan ka gaya musu yadda za su karanta shi: wannan gefen watanni ne, wancan farashi ne, ku dubi inda layin ya karye. Da ka gama da shafin kuma za ka yi doguwar magana da ba ta shafe shi ba, ka danna harafin B a kan madannai. Allon zai yi baƙi, kawunan mutane su juyo gare ka gaba ɗaya, kuma za ka ji bambancin a jikinka. Ka sake danna shi hoton ya dawo. Harafin W fari yake mayar da allon. A ganina babu maɓallin da ya fi wannan B amfani a cikin manhajar, kuma abin takaici ne yadda mutane suke shekaru suna aiki da ita ba wanda ya nuna musu shi.

Idan shugaban taro ya miƙo maka takardar saura minti biyu, kada ka shiga tsere kana danna shafuka kana cewa "wannan ma mu wuce". Ka buga lambar shafinka na ƙarshe a kan madannai ka danna Enter, manhajar za ta kai ka can kai tsaye ba tare da jama'a sun ga abin da ka tsallake ba. Don haka ne yake da kyau ka rubuta lambobin muhimman shafuka a katinka.

Idan aka ɗauke wuta, da lokacin tambayoyi

Ka ɗauka za a ɗauke, ka shirya mata. Ko an tayar da janareta nan take, majigi mai fitila yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya huce ya sake kamawa, kuma wannan tazarar ita ce take kashe jawabi idan mai shi ya tsaya jira. Kada ka tsuguna kana jan wayoyi. Ka bar wa mai kula da na'ura wannan. Ka matso kusa da mutane taki biyu, ka ɗaga murya tunda lasifika ma ta mutu, ka ci gaba daga inda kake. Idan zane ne ya kamata ya fito, ka ce a duba shafi kaza a takardar da aka raba, ko ka zana shi a allon alli idan akwai. Da hoto ya dawo, ka rubuta lambar shafin da ka kai ka danna Enter, ba sai ka koma baya ba.

Shafin ƙarshe kada ya zama "Na gode" da hoton fure. Godiya da baki ake yin ta, ana kallon mutane. Shafin da zai fi kowane daɗewa a bango shi ne na ƙarshe, domin yana nan duk tsawon tambayoyi, saboda haka jimlar nan ta mataki na farko ita za ka sa, tare da abin da kake so a yi a kanta. Idan wani malami ya ce, "Malam, ina ka samo wannan adadin?", ka maimaita tambayar da ƙarfi don na baya su ji, ka buɗe jadawalin da ka ajiye a bayan ƙarshe, ka amsa, sannan ka komar da allon kan jimlarka. Wanda ya nemi ka tura masa shafukan bayan taro, ka haɗa masa da rubutaccen bayani na shafi ɗaya ko biyu, domin shafukan da aka gina ta wannan hanyar hotuna ne da kanu, kuma wanda bai halarci taron ba ba zai gane su ba sai da bayanin.